Tayar da Tsohon Inji: Labarin Wata Peugeot 504 ta Babbar Kasuwar Katsina



Sa'ad da wakilanku suka same ni da batun in zo in yi muku jawabi, sun yi tsammanin zan zaɓi wani babban al'amari irin waɗanda aka saba tattaunawa a wannan ɗakin taro, watau makomar ilmi, ko tattalin arziki, ko matsayin harshenmu. Da na ce musu a kan injin wata tsohuwar mota zan yi magana, sai na ga sun dubi juna. Ina roƙon ku yi mini haƙuri kamar yadda suka yi. Da yawa daga cikinku nan da shekara ɗaya ko biyu za ku fara karɓar albashi, waɗansu ma sun riga sun fara, kuma batun abin hawa shi ne zai fara hana ku barci bayan batun gida da na aure. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tanada a 2024 naira 70,000 ne. Wanda ya je wajen dillalan motoci ya tambayi farashi ya san nisan da ke tsakanin wannan lamba da mabuɗin mota.

Bari in fara da abin da ya jawo ni cikin wannan sha'ani. Ran Litinin, 22 ga watan Maris 2021, gobara ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa, kamar yadda kowa a nan ya sani. Cikin waɗanda abin ya shafa har da kawuna, mai sayar da atamfa da yadi. Bai tsira da kome ba daga shagon sai littafin bashi da ke cikin aljihunsa. Da muka je yi masa jaje, muka tarar da shi zaune a zaure, bayansa kuwa, a cikin gida ƙarƙashin dalbejiya, ga motarsa Peugeot 504 mai dogon baya, wadda ta shekara uku ba ta motsa ba, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da ita ya yi shekaru yana ɗauko kaya daga Kantin Kwari a Kano, har ranar da inji ya buga a hanya aka jawo ta da igiya. Masu ba shi kaya a Kano sun ce za su ba shi bashi ya sake tsayawa. Amma kuɗin haya zai cinye ribar, sayen wata mota kuwa ba ya cikin lissafi. Sai ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi karatun ƙarfe, wannan gawar tana tashi?" Na ce, "Kawu, sai an buɗe cikinta."

Kafin in buɗe muku cikin nata, ya kamata ku san ko wace ce ita, domin galibinku kun taso ne bayan zamaninta ya wuce. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, Ove Andersson na tuƙi, a kan hanyoyin da ba su fi namu na karkara kyau ba. A wannan shekara ce kuma aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna, zamanin Janar Gowon. Akwai lokacin da ake ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, sa'an nan a kai su Kaduna a haɗa. Ku dubi irin wadatar wancan lokaci! Kuɗin Udoji ya shigo hannun ma'aikata a farkon 1975, ga kuma bashin mota da gwamnati ke ba ƙananan jami'ai, saboda haka saurayin da ya gama jami'a yakan hau sabuwar mota kafin ya yi aure. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mai da 504 motar manyan jami'anta, don a rage almubazzaranci. Mutanenmu suka raɗa mata Fijo. Aka sami ƙarama ta ma'aikata, da doguwa ta tasha wadda ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Kano, da Daura, da Funtuwa, da Jibiya har Maraɗi, da kuma a-kori-kura ta manoma da 'yan kasuwa.

Faransawa sun daina ƙera ƙaramar a ƙasarsu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Sai dai tun daga tsuke bakin aljihu na 1982, da faɗuwar darajar naira bayan 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun motocin Kwatano. Wannan dogon tarihi yana da amfani ga mai gyara a yau. Mota ce da aka shekara talatin ana haɗa ta a ƙasar nan, don haka kayanta ba su yanke ba a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, kuma har yanzu akwai dattawan makanikai a cikin garin nan waɗanda suka san kowace kusa da ke jikinta.

Wurin irin waɗannan dattawa ya kamata mu fara zuwa, amma ba mu je ba, kuma laifina ne. Wani saurayi mai gareji, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ce zai tayar da injin cikin kwana huɗu a kan rabin abin da kowa ya faɗa. Kawu yana cikin matsi, ni kuma ina da aikin makaranta, sai muka sallama. Ranar ta huɗu kuwa mota ta tashi, har da guɗa a cikin gida. Mako biyar ta yi. Ana dawowa daga Kano da lodi, an wuce Kankiya kaɗan, sai fitilar baƙin mai ta kama, inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi. Kaya na bashi suka kwana a gefen titi, yaron shago yana gadinsu, a wannan zamani da kowa ya san halin da hanyoyin jiharmu ke ciki da dare. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma ni ban fahimci karin maganar ba sai da na biya kuɗin janwe.

A karo na biyu na ɗauki hutu, muka kai injin wurin wani dattijo wanda ya yi ƙuruciyarsa a gyaran Fijo. Abin da ya fara yi shi ne ya share rumfarsa, ya yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ya shimfiɗa tsohon allon tebur ya rufe shi da takarda. Ya ce, "Malam, injin da aka haɗa a kan ƙasa, ƙasa ce za ta ci shi." Da muka kwance, muka ga abin da saurayin nan ya yi, kuma da kurakuransa zan koya muku yadda injin yake, gama ta nan ni ma na fi koyo.

Injin 504 da aka fi sani a nan silinda huɗu gare shi, faɗin kowace milimita 88, fistin kuma yana tafiyar milimita 81 daga sama zuwa ƙasa. Ɗaliban lissafi su buga, za su sami sisi 1971, abin da ake kira lita biyu. Gangar jikinsa, watau bulok, ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa na alminiyam, kuma an kwantar da shi ya karkata gefe don murfin gaba ya yi ƙasa. Babban sirrinsa shi ne ba a huda silindojin a jikin bulok ba. Kowace silinda kwasfa ce mai zaman kanta, makanikai na ce mata silib, ana zura ta a ciro ta, ruwan sanyaya inji yana kewaye ta kai tsaye. Ma'anar wannan ita ce idan silinda ta cinye, ba sai an kai bulok wurin masu yankan ƙarfe an faɗaɗa ramin ba. Sai a sayo sababbin kwasfa huɗu tare da fistin da zobbansu, waɗanda aka auna su tare tun daga masana'anta, a zura, zuciyar injin ta koma sabuwa. Bulok ɗaya yana iya ganin irin wannan sabuntawa sau da yawa, shi ya sa motar ta yi tsawon rai a Afirka.

Amma wannan alheri yana da sharaɗi. Dole ne bakin kowace kwasfa ya ɗara fuskar bulok da ɗan abin da bai wuce kaurin gashin kai ba, kuma duk huɗun su yi kusan daidai, don idan an ɗaure kan inji gasket ya danne su sosai. Ana daidaita wannan da siraran zobba masu kauri iri-iri da ake sa wa a gindin kwasfar. In ɗaya ta nutse, wuta za ta ɓulla ta ƙone gasket. In gindin bai zauna ba, ruwa ya zurara cikin baƙin mai, ka ciro sandar awo ka ga mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Don haka ne ma ba a ɗaga kan wannan inji sama kai tsaye, sai a ɗan murɗa shi gefe tukuna don kada ya taso da kwasfa, kuma ba a juya inji alhali kai na cire sai an danne kwasfan da ƙarfe. Saurayinmu bai canja kwasfa ba sam. Sababbin zobba ya sa a cikin tsofaffin silindoji waɗanda suka riga suka cinye suka zama kamar ƙwai, abin da ake kira yin ringi. Zobe mai da'ira ba ya toshe rami mai siffar ƙwai. Mota takan tashi, ta yi 'yan makonni, sa'an nan shuɗin hayaƙi ya dawo.

Abin da ya kashe injin dai a ƙasa yake, wurin karanshaf, watau gatarin da fistin huɗun nan ke juyawa. Yana kwance a kan matasai biyar, kuma tsakaninsa da kowane matashi akwai ɓawon ƙarfe mai laushi da ake kira metal. Ina so ku riƙe wannan: a injin da ke da lafiya, karanshaf ba ya taɓa metal. Yana yawo ne a kan shimfiɗar baƙin mai wadda kaurinta bai fi kashi 5 cikin 100 na milimita ɗaya ba. In inji na juyi 3,000 a minti, to kowane fistin yana hawa ya sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk wannan duka a kan 'yar shimfiɗar man nan yake sauka. Tazarar ta yi yawa, mai ya tsere, ƙarfin famfo ya faɗi. Ta yi kaɗan, mai ya kasa shiga, ƙarfe ya kama ƙarfe. Ba a gane wannan da ido ko da yatsa, sai da maikuromita. Saurayin ya goge wuyan karanshaf da takardar yashi, ya sa metal ɗin da ya samu a kasuwa. Bugu da ƙari, a cikin karanshaf akwai hanyoyin mai da aka huda, inda dauɗar shekaru ke taruwa ta daskare. Bai wanke su ba. Da sabon mai ya jiƙa dauɗar, sai ta ɓalle ta toshe hanyar da ke shayar da ɗaya daga cikin sandunan fistin. Muka kuma tarar da guntayen gam ɗin da ya lafta a madadin gasket sun toshe rabin rariyar famfon mai.

Dattijon ya aika da karanshaf Kano aka yanke shi da injin yanka zuwa awo na gaba, ya ce kada a sayi metal sai an dawo da shi an auna, domin metal ake saya wa karanshaf, ba a yanka karanshaf don metal. Ya kwana biyu yana wanki kawai, da kananzir da buroshi da iska mai ƙarfi, har sai da farin ƙyalle ya shiga kowane rami ya fito fari. Na ƙosa na ce, "Baba, yaushe za a fara aikin?" Ya ce, "Shi muke yi."

Kan inji kuwa labarinsa labarin zafi ne. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, ga su kuma an ɗaure su da kusoshi wuri ɗaya. Inji ya tafasa sau ɗaya tak, kan yana iya lanƙwashewa. Ana gane haka da miƙaƙƙen ƙarfe da ake ɗorawa a fuskarsa, a gwada zura siririn ma'auni a ƙarƙashi. In ya lanƙwashe sai a kai a share fuskar, amma kaɗan, don in an ci da yawa matsin silinda zai ƙaru inji ya riƙa ƙara da man da muke samu. Aka wasa bawul takwas a mazauninsu ɗaya bayan ɗaya, aka zuba kananzir aka ga ba ya zurara. Wajen ɗaure kai, kusoshin ba a bin su a jere. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙara ƙarfi, da sifana mai awo. Yawancin garejinmu ba su da wannan sifana, dogon bututu ake zurawa a ce wa yaro ya ja har sai ya ji. Ƙarfin yaron da ya ci tuwo dabam yake da na wanda bai karya ba, gasket kuwa bai san wannan uzuri ba. Bayan haka aka daidaita tazarar bawul inji na sanyi, milimita 0.10 ga na shiga, 0.25 ga na fita, aka sa sabuwar sarƙar lokaci da abin da ke ɗame ta.

A nan zan ɗan ratse in yi faɗa da wata al'ada tamu. Akwai wata 'yar ƙofa a hanyar ruwa, tamostat, wadda ke rufe har sai inji ya yi ɗumi sa'an nan ta buɗe. Kusan duk motar da ta shigo ƙasar nan, abin da ake fara yi mata shi ne a cire wannan a jefar, wai don Turai aka yi shi, mu nan zafi gare mu. Wanda ya taɓa tayar da mota da asuba a Katsina cikin watan Janairu ya san muna da sanyi. Injin da ke aiki da sanyi fetur ba ya ƙonewa sosai a cikinsa, yakan wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin kwanon mai, ci ya ƙaru, shan mai ya ƙaru. In mota na zafi, a nemi dalili a lagireto da ya toshe, ko famfon ruwa, ko fambel, ko murfin lagireto da ya saki, ko fankar da a wannan mota ba ta kamawa sai zafi ya kai. Ruwan rijiya da muke ɗurawa kuma shi ke barin farin gishiri a cikin bututun lagireto, yana kuma cin alminiyam. A sa ruwa mai tsabta da maganin hana tsatsa, kuɗinsa bai kai na gasket ɗaya ba. Mu sai da muka kai lagireton aka buɗe shi aka zure bututunsa ɗaya ɗaya, domin sabon inji da tsohon lagireto asarar kuɗi ce.

Haka batun ƙura. Irin 504 da aka yi don ƙasashenmu tana da matatar iska mai kwanon mai, iska na bi ta kan man ƙurar ta maƙale. Abu ne mai sauƙi, ba ya bukatar a sayi kome sai wankewa da sabon mai, amma da hunturu dole a duba shi a kai a kai. Ƙurar da ta wuce shi ta haɗu da mai a silinda, ta zama abin wasa wuƙa.

Kafireta da wuta ba su ba mu wahala ba. Aka wanke kafiretar Solex aka sa mata sababbin gasket da allura, aka bar jet ɗinta yadda masana'anta ta yi, ba a bi shawarar masu cewa a matse don rage shan mai ba, gama injin da aka hana shi abinci bawul ɗinsa ke ƙonewa. Wuri ɗaya na saɓa wa dattijon. Shi yana son kwantak irin na da, wanda in ya lalace a daji direba zai gyara da ƙaramar sukundireba. Ni na fi son na'urar lantarki ta zamani wadda ba ta cinyewa. Muka sa tawa, muka ajiye tasa a aljihun mota, kowa ya ce shi ya yi nasara. Ga masu son su taɓa da hannunsu, wutar tana bin silinda 1, 3, 4, 2, kuma Faransawa daga wajen giya suke fara ƙirga ta ɗaya, ba daga wajen fanka ba. Yara da yawa sun sha ranƙwashi a kan wannan.

Sayen kaya shi ne inda mai mota ya fi bukatar buɗe ido. Za a nuna maka kaya iri uku a kwali kusan iri ɗaya: ragowar na asali, da sabo na kamfanonin da suka san aikinsu, da jabu. Akwai kuma na hannu da ake cirowa daga matattun motoci. Ra'ayina shi ne bulok, da kan inji, da karanshaf, tsohon na asali da aka auna ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma kwasfa da fistin da zobba da metal da gasket da famfon mai, a sayi sababbi mafi kyau da aljihu zai iya. Ka tafi da makanikinka, ka biya da hannunka, ka karɓi rasit, kuma ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire. Wannan ba zargi ba ne, kuma makanikin kirki ba ya jin haushinsa.

Ranar da aka tayar, dattijon ya cire fulogi huɗun ya juya inji da sitata har fitilar mai ta mutu, don mai ya isa ko'ina kafin wuta ta kama. Sa'an nan ya kafa wa Kawu doka: kilomita 1,000 na farko ba lodi mai nauyi, ba gudu, ba a barin inji yana nishi a babbar giya, kuma ba a barinsa yana aiki a tsaye na dogon lokaci. Zobba suna bukatar su ci jikin kwasfa a hankali har su zauna. Daga Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, saboda haka zuwa da dawowa sau uku ya cika adadin. Kawu ya yi ta gunaguni, yana ɗauko rabin kaya. Bayan nan aka juye mai aka canja matata, aka sake ɗaure kan inji, aka sake daidaita bawul. Wannan sake ɗaurewa mutane da yawa ba sa komawa a yi musu, daga baya su ce gasket ɗin jabu ne.

To, jama'a, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce kowa ya je ya nemo tsohuwar Fijo. Tana da aibu, kuma zan faɗe su. Tana shan fetur, lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 in tana da lafiya, fiye da haka a cikin gari. Lokacin da muka yi aikin nan lita ba ta kai naira 200 ba. Bayan janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023 farashi ya ninka, har ya haye naira 1,000 a 2024, kuma wannan ya canja lissafin ƙwarai. Ba ta da jakar iska, ba ta da birki irin na zamani, kuma injin da aka sabunta ba ya gyara ruɓaɓɓen ƙashin mota. Kafin ka kashe ko kwabo a kan inji, ka shiga ƙarƙashi ka duba tsatsa, ka duba birki da sitiyari da tayoyi da wayoyin wuta. In gangar jiki ta tafi, ka haƙura. Wanda kuma zirga-zirgarsa daga gida zuwa sakatariya ce kawai, ƙaramar mota mai ƙarancin sha, ko ma babur, ta fi masa.

Amma ga mai ɗaukar kaya, ko malamin da aka tura ƙauye inda hanya ba kwalta, lissafin yana iya juyawa. A Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, naira kuma ta ƙara faɗuwa, motar Kwatano da kuke gani tana sheƙi sau da yawa ta yi tafiyar da ta fi ta Fijon nisa, kuma in kwamfutarta ta rikice ba mai duba ta a Batsari ko Mashi. Abin da muka kashe a gyara na biyu, har da asarar na farko, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka nema a wurinmu na wata motar hannu mai ɗaukar irin wannan kaya ba. Duk abin da na faɗa game da awo da tsabta da ruwa da ƙura kuwa, haka yake a kan kowane inji, na Toyota ne ko na Golf ko na injin ban-ruwa.

Akwai gwaji guda da nake so kowannenku ya sani kafin ya yarda a sauke masa inji, domin sau da yawa ana sauke wanda bai bukata ba. A cire fulogi, a sa ma'aunin matsi a kowace silinda, a rubuta lambobi huɗun. In sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, to a nemi ciwon a wani wuri. In ɗaya ta faɗi, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake gwadawa. Lamba ta tashi, zobba ne. Ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket, kuma wannan aikin kai ne kawai. Biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Hayaƙi ma yana magana: shuɗi baƙin mai ne, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi kuwa ruwa ne.

Wani abu da ya dame ni shi ne dattijon nan ba shi da magaji. Yaran da ke wurinsa sun fi son koyon motocin zamani, kuma ba na ganin laifinsu. Mu kuma a makarantu muna koya muku lissafin zafi da matsi a kan allo, ɗalibi ya gama bai taɓa riƙe maikuromita ba. Na yi magana da shi, ya yarda ya karɓi ɗalibai huɗu a hutun ƙarshen zango, da sharaɗin su zo da kayan aiki a jikinsu, kuma makon farko wanki za su yi. Mai so ya ba sakataren ƙungiya sunansa bayan an tashi, mata ma suna ciki, na tambaye shi ya ce ba ya hanawa.

Motar dai tana nan tana aiki. Kawu ya sake buɗe shago, yana zuwa Kano sau ɗaya a mako, ana juye mata mai duk kilomita 3,000 saboda ƙura, kuma ba ta bukatar ƙari tsakanin juye da juye. Da ita na zo yau, na aro ta, tana nan bakin ƙofa ta hagu. Na yi alkawarin mayar da ita kafin magariba saboda gobe akwai lodi, don haka waɗanda ke son a buɗe musu murfi su ga abin da na bayyana, sai mu yi tambayoyi a taƙaice mu fita tun da sauran rana.